Hujja ce makamin mai wa'azi

Duk wanda ya kama hanyar Sakkwato zuwa Shagari sai ya ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take, garin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ilimi da hujja ya bar mana gado. Yau kuwa, matashin da ya daina yarda da samuwar Allah yakan kame bakinsa: ya shiga sahu saboda tsoro, ya kai tambayoyinsa intanet da sunan aro. Wanda ya fito fili, irin Mubarak Bala, kowa ya ga yadda ta kaya: an kama shi a Kaduna a 2020 kan rubuce-rubucensa a Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5. Ban yarda da aƙidarsa ba ko kaɗan. Amma barazana ba ta dasa imani a zuciya, munafunci take haifarwa. Ya kamata malamanmu su buɗe zaurukansu, su saurari mai shakka, su amsa masa da ilimi da haƙuri.