Takardar gayyatar baƙo: lamunin da ake sa wa hannu ba a karanta ba

A kamfanoni da yawa a Najeriya, rubuta takardar gayyatar baƙon da zai nemi bizar kasuwanci aikin ƙaramin ma'aikaci ne. Sai ya buɗe tsohuwar takardar da aka yi wa wani bara, ya canja suna da lambar fasfo da ranar isowa, ya kai wa shugaban kamfani ya sa hannu a tsaitsaye. Wannan sakaci ne, kuma sau da yawa ya zarce sakaci, ya zama ƙarya da aka buga a kan takarda mai tambarin kamfani.

Jimla guda ce ke ɗauke da nauyin takardar baki ɗaya, wato inda kamfani ke shaida wa Hukumar Shige da Fice cewa ya ɗauki alhakin baƙon. Wannan lamuni ne, irin wanda fatoma ke tsaya wa baƙonsa a kasuwa. Idan baƙon ya wuce wa'adi, ko ya yi abin da bizarsa ba ta halatta ba, mai gayyata za a nema. Kwafin rajistar kamfani da ake haɗawa da takardar ba ado ba ne. Domin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ne.

Ƙaryar kuwa wuri guda take zama, a layin dalilin zuwa. Bizar kasuwanci ta mai zuwa taro ce, ko ƙulla yarjejeniya, ko duba kasuwa. Ba ta ba da izinin kama aiki. Injiniyan da aka ɗauko daga Indiya ko Sin domin ya kafa inji a wata masana'anta a Sharaɗa ko Chalawa yana da tasa hanyar: izinin aiki na wucin gadi, wanda sai Kwanturola Janar na hukumar ya amince. Wanda zai zauna ya riƙe muƙami kuma, sai kamfanin ya sami gurbin ma'aikaci baƙo daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan a yi masa katin zama na CERPAC. Duk da haka sai a rubuta cewa mutumin zai zo tattaunawar kasuwanci, alhali kayan aikinsa na cikin jakarsa, kuma an riga an kama masa gida na wata shida.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Inji ya tsaya, ma'aikata na zaune ana biyansu, ruwan bashin banki na hauhawa, takardar izini kuma tana iya kwana a ofis fiye da kima. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: hukumar da ta sa hanyar gaskiya ta fi ta ƙarya tsawo tana da nata kason laifi. An yi gyare-gyare. Tsarin biza na 2020 ya faɗaɗa rukunonin daga 6 zuwa 79, a watan Mayun 2025 kuma aka koma neman bizar gajeren zama ta intanet. Amma jinkirin ofis dalili ne na matsa wa ofis lamba ta bakin ƙungiyoyin masu masana'antu, ba lasisin shaidar zur ba.

Abin da hujjar ba ta faɗa shi ne wanda ke biyan kuɗin ƙaryar. Na farko baƙon ne. Ya shigo da takardar da ta saɓa wa abin da yake yi, don haka ba shi da bakin kai ƙara idan aka hana shi haƙƙinsa, kuma shi za a tsare a filin jirgi. Ranar 4 ga Satumban 2025 jami'an Amurka suka kai samame wurin gina masana'antar batir ta Hyundai da LG a jihar Jojiya, suka kama mutum kusan 475, fiye da 300 daga cikinsu 'yan Koriya ta Kudu, da yawansu sun shigo da izinin gajeriyar ziyara. An yi ta jayayya daga baya kan ko izinin nasu ya halatta aikin, amma sarƙa a ƙafar ma'aikatan aka ɗaura ta, ba a ƙafar waɗanda suka turo su ba.

Na biyu ba a ganinsa, domin bai taɓa shiga harabar kamfanin ba. Tsarin gurbin ma'aikaci baƙo ya ɗora wa kamfani sharaɗin sanya 'yan ƙasa su koyi aikin a ƙarƙashin baƙon, har wata rana su gaje shi. Duk baƙon da aka shigo da shi da sunan taro ya zille wa wannan sharaɗi. Matashin da ya gama karatun injiniya a Zariya ko Wudil yana yawo da takardunsa, injin kuwa duk sanda ya lalace sai an sake sayen tikitin jirgi. Shugabannin da ke kukan rashin ƙwararru a gida su ne masu sa hannu a takardun da ke hana a samar da su.

Takarda ta gaskiya ba ta da wuyar rubutawa. Ta faɗi ko wane ne baƙon da kamfanin da ya turo shi, abin da zai yi dalla-dalla, ranar shigowa da ta fita, inda zai sauka, da wanda zai ɗauki kuɗinsa. Idan aka zo layin abin da zai yi, aka ga ba a iya rubuta shi yadda yake sai an yi kwaskwarima, to bizar ce ba ta dace ba, kuma babu gwanintar lafazin da za ta gyara hakan. Wannan hukunci na shugaban da sunansa ke ƙasan takardar ne, ba na magatakarda ko ɗan kamashon da ya yi alkawarin fito da biza cikin kwana uku ba.