Ɗan Foli da bai iya riƙe sifana ba, wa zai saurare shi?

A hutun da ya wuce, ana tsakiyar bazara, na raka kawuna Tsamiya ɗauko albasa. Wanda bai san wurin ba, Tsamiya tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, idan ka tsallaka sai garin Segbana. Motar Kawu a-kori-kura ce, Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Mun yi lodi mun kamo hanyar gida, tun ba mu hango gadar Tuga ba sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Allurar da ke nuna zafin inji ta daɗe da mutuwa, saboda haka ba ta yi mana gargaɗi ba.

Kawu ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya juyo ya kalle ni. "To Injiniya, ga ranarka ta zo. Mi za mu yi? Ai don irin wagga rana munka kai ka makaranta."

Ina ajin ND 2, sashen Makanikal. Na san sunan kowane ƙarfe da ke cikin bonet ɗin nan da Turanci, kuma da a allo ne zan zana yadda ruwa ke zagaya inji ba tare da na duba littafi ba. Amma na tsaya ina kallon injin kamar baƙon da aka sauke a tasha da dare. Abin da kawai na iya cewa shi ne kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, wanda kowa a wurin ya riga ya sani.

Yaron motar Kawu, wanda bai gama firamare ba, shi ya cece mu. Da injin ya huce, ya kama farfelar ya girgiza, ta yi kwal-kwal. Ya shafo ƙarƙashin famfon ruwa, hannunsa ya fito jiƙe da ruwa mai tsatsa. Ya ce, "Yaya, wata famfo ce, boris ɗinta ya tafi." Ya tare kabu-kabu ya nufi Ka'oje, bayan kamar awa biyu ya dawo da famfo ɗan Beljiyam a cikin leda, babu gasket.

Bari in faɗi yadda ya yi aikin, don na zuba masa ido sosai, kunya ta sa. Ya fara sassauta notunan farfela tun bel yana ɗaure, domin bel ɗin ne ke riƙe fulin kada ya yi ta juyawa da kai. Sannan ya sassauta altaneto ya zare fambel, ya juye ragowar ruwan, ya kwance lagireto ya jingine gefe don ya samu sarari. Kowane noti ya cire sai ya jera shi a kan buhu daidai da inda ya fito, saboda ba duka tsayinsu ɗaya ba, kuma idan ka ɗaura dogo a ramin gajere ka jawo wa kanka aiki. Da famfon ya fito, ya ɗauki lokaci yana kankare tsohon gasket a hankali, yana kiyaye kada ya yi wa fuskar ƙarfen rauni, don kan injin alminiyam ne, ba ya jure karta. Gasket kuwa kwali ya samo, ya ɗora a fuskar famfon, ya riƙa ɗan bubbuga gefen da bayan sifana har siffar ta fito da ramukanta. Ya shafa giris, ya ɗaura, yana ƙara wa notunan ƙarfi kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen, har suka zauna daidai. Ya mayar da bel ya danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya ga yana lotsawa kamar santimita ɗaya, ya ce ya yi. Ya cika ruwa, aka tayar da mota murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, ya ƙara ruwa ya rufe. Kayan aikinsa duka sifana huɗu ne, da sukundireba, da filaya.

Albasa ba ta son rana a cikin buhu. Da mun kwana biyu a wurin muna jiran bakanike, da rabin lodin ya tafi, kuma daga cikin kuɗin albasar nan ake biya mini kuɗin makaranta.

Wannan shi ne abu na farko da nake so 'yan'uwana ɗalibai su duba. A birni, mutum ya gyara motarsa da kansa ana iya cewa sha'awa ce ko rowa. A ƙasar Bagudo dole ce. Tsakanin Lolo, Illo, Tsamiya da Ka'oje akwai wuraren da idan mota ta tsaya maka, babu gareji, wani lokacin babu ko sabis ɗin waya, kuma ba kowane daji mutum ke son dare ya same shi a ciki ba a wannan zamani. Ga tsadar kaya. Da yawa daga kayan gyaran da ake kira 'yan Beljiyam ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke shigowa, da sefa ake sayo su. Rufe iyaka da aka yi a watan Agusta na 2019 ya taɓa wannan harka, faɗuwar naira daga 2023 ta ƙara dagula ta, ga cire tallafin mai a shekarar. Direban da bai iya canza famfo, ko fambel, ko tiyon lagireto ba, ribarsa a hanya take ƙarewa.

Amma akwai abu na biyu, kuma shi ne ya fi damuna. Lokacin da yaron ke aiki na leƙa inda tamostat ke zama, na tarar wayam. Na tambaya, ya yi dariya: "Ai tun zuwan mota aka cire shi. Na ƙasar Turawa ne, masu sanyi." Na duba murfin lagireto, robarsa ta tsage, sifirin ɗin ya saki. Ruwan da muka zuba kuwa na wani tafki ne, da lakarsa da komai.

A nan karatuna ya yi magana. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100. Murfi mai lafiya yana riƙe matsi a cikin lagireto, shi ya sa a motoci da yawa ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Murfin da ya mutu ya zubar da wannan rata, ga lodi, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kebbi. Tamostat kuma aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, sai ya ƙara shan mai, ƙarafunansa su ƙara cin juna. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Ruwan tafki ko na rijiya kuwa shi ke kawo tsatsa da dattin da ke cinye sil ɗin famfo. Wannan ruwan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda direbobinmu ke cewa na ƙanƙarar Turai ne, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Ke nan famfon da muka ɗaura ranar, hanyar da na farko ya bi ya mutu ita shi ma zai bi.

Na zayyana wa Kawu duk wannan muna tafe. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, kai da ba ka iya kwance noti ba, kai za ka gaya man abin da ka kashe inji?" Yaron mota ya kawar da kai yana murmushi.

Na ji haushi, amma da na kwana na tashi sai na ga Kawu bai yi laifi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana bin hanyar nan, ya ga wanda ya kwanta ƙarƙashin mota da wanda ya tsaya a inuwa riƙe da waya. Da wanne zai yarda? Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ta fito daga bakin da bai da hurumin faɗarta. Haka ilmin da muke haddacewa yake ƙarewa a takardar jarrabawa, su kuma motocin garuruwanmu suna ta ƙona gasket ɗin kan inji saboda murfin da bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba.

Na san abin da wasu abokaina za su ce, don mun yi wannan musu a hostel har dare ya raba. Mu ba kanikawa muka zo zama ba, injiniyoyi za mu zama, masu zane da lissafi. To, Allah ya sa. Amma a tambayi kowa dalilin kafa foliteknik daban da jami'a. Mu ne kullum muke kuka kan bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri, kuma hujjarmu ɗaya ce: mu mun iya aiki da hannu. Idan wannan hujjar ta zama ta baki kawai, me ya rage mana? Mai zanen famfon da bai taɓa ganin yadda famfo ke mutuwa ba, ban san irin zanen da zai yi ba.

Laifin ba na malamai ko rashin kayan aiki kaɗai ba ne, mu ma da namu. Watanni huɗun SIWES da hukumar ITF ke kula da su, mu nawa ne muka yi su da gaske? Ni dai ofis mai fanka na nema, na riƙa cika littafin rahoto da abin da ban yi ba, aka buga mini hatimi. Da a ce garejin bakin kasuwa na je, da kaya sun yi baƙi, da an aike ni sayo shayi, da wani ogan da bai iya rubuta sunansa ba ya daka mini tsawa. Abin da muke gudu ke nan, girman kai ne kawai. A tsallaken iyaka, a Benin, yaron da ya gama koyon sana'a a wurin ubangidansa yana iya zama jarrabawar gwamnati ya karɓi takardar da suke kira CQM. Su suna ƙoƙarin kai takarda gareji, mu da muke da takardar muna ƙyamar garejin.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba kowane gyara ake yi a bakin hanya ba. A wasu injina, belin taimin ne ke juya famfon ruwa, kuma wanda ya kwance shi bai san alamominsa ba zai iya haɗa fistin da bawul su daki juna, gyaran dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa. Idan ka ga bakin mai ya koma kamar shayi da madara, ko lagireto yana ta kumfa ba ya tsayawa, zance ya wuce famfo, ya kai kan inji, wannan sai gareji da ma'aunin ɗaurin noti. Gasket ɗin kwali ma na kai-ni-gida ne, ba na zama ba. Sanin inda za ka tsaya yana cikin iya aikin. Haka kuma wanda ya kwara ruwan sanyi a injin da ke tafasa, ko ya fasa ƙwai a lagireto don toshe yoyo, ya sayi wata matsalar ne da kuɗinsa.

Ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu. Kuɗin da ake kashewa a makon ɗalibai, na riguna da kiɗa da abincin manyan baƙi, a yanki wani abu a sayo mataccen injin a-kori-kura ɗaya daga wurin masu kayan Beljiyam, da akwatin sifana biyu. A nemi izinin sashe a ajiye shi a wani lungu. Duk Asabar a gayyato bakanike daga cikin gari, a biya shi haƙƙinsa, a kira shi malam, domin a wannan ranar malam ne. Ya nuna mana kwancewa da ɗaurawa, mu kuma mu faɗa masa dalilin tamostat, in ya ga dama ya yi mana musu. A buɗe ƙofa ga kowa, har 'yan Akanta da 'yan'uwanmu mata, don mota ba ta tambayar sashenka kafin ta tsaya. Wanda ya kwance famfo ya mayar, aka zuba ruwa bai ɗiga ba, a rubuta sunansa a allon ƙungiya.

Ni na riga na fara nawa. Sauran kwanakin hutun a garejin wani abokin Kawu na yi su, a Bagudo, ina wanke notuna da fetur. Sai a mako na biyu aka bar ni na taɓa sifana, na kuwa gutsure kan noti ɗaya, aka yi mini dariya har da masu sayar da rake. Kafin in dawo makaranta na sayi sabon murfin lagireto da kuɗin aljihuna na ɗaura wa motar Kawu, bai ce komai ba. Maganar tamostat kuwa ya ce a bar ta sai ranar da ya ga na sauke famfo na mayar ni kaɗai.