Mai naɗar jita a ɗaki ba miksa yake buƙata ba

A Tudun Wada, da zarar matashi ya fara iya jita ya ce zai naɗi waƙa a ɗakinsa, shawarar farko da abokai ke ba shi ita ce ya tara kuɗi ya nufi PZ ya sayo miksa. Ita ake gani a gaban mai sauti a wurin biki, da maɓallai rututu, sai a ɗauka ita ce situdiyo. Wannan shawara tana cin kuɗin mutane a banza.

Aikin miksa shi ne ta haɗa sautuka da yawa ta tura su lasifika lokaci guda. A filin biki ko wa'azi babu kamarta. Mai naɗa kuwa so yake murya ta shiga daban, jita daban, don ya gyara kowacce daga baya. Ƙananan miksa masu USB irin Behringer Xenyx Q802USB abin da suka riga suka cakuɗa suke miƙa wa kwamfuta. Idan jita ta danne murya, sai dai a sake daga farko, ko a yi dabarar karkatar da ɗaya hagu, ɗaya dama.

Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce ta ramin da ake soka jitar. Jitar lantarki na son rami mai turjiyar kusan megohm 1, alhali ramin LINE na miksa bai wuce kilohm 10 zuwa 20 ba. Shi ya sa sautin ke fitowa a dushe kamar an rufe lasifika da bargo, mai jita ya yi ta zargin tsirkiyarsa. Maganin shi ne ƙarin akwatin DI, wato ƙarin kuɗi.

Ƙaramin akwatin naɗar sauti, wanda masu situdiyo ke kira saun kad, ya zo da wannan rami tun daga kamfani. A jikin Focusrite Scarlett Solo da Behringer UMC22 an rubuta masa INST. Jita ta shiga nan, makirufo ya shiga ɗaya ramin, a kunna 48V idan kondensa ne, a saka abin kunne, a danna DIRECT MONITOR don kada sauti ya riƙa makara.

Sai batun wuta, wanda duk ɗan Zariya ya sani. Miksa irin waccan sai da soket, janareto kuma yakan cusa mata gurnani. Saun kad daga USB yake shan wuta. Da igiyar OTG da manhajar BandLab, waya ma tana iya ɗauka, kodayake wasu wayoyin sai an haɗa musu da mahaɗar USB mai wutar kanta.

Mai fiyano da mawaƙa uku da ke zuwa majalisi, shi kam ya sayi miksa. Amma masu raina naɗin waya su tuna Mdou Moctar na Nijar: a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka bi wayoyin mutane a Sahara kafin ya fara wasa a Turai da Amurka.