KIWON LAFIYA: Kumburi Bayan Aikin Hanci

Jama'a, mun saba idan wuri ya kumbura sai a kawo ruwan zafi a gasa. To, wanda likita ya yi wa aikin hanci, ko saboda karaya ko don miƙe guringuntsin da ya karkace, kada ya kuskura ya yi gashi. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, sai kumburi ya ƙaru, haɓo ya ɓarke.

Kumburin yakan tsananta a kwana na 2 zuwa na 3, jini ya kwanta ƙarƙashin idanu. Wannan ba abin tsoro ba ne, cikin mako 2 yakan washe. A kwana 2 na farko a naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta, a riƙa ɗorawa bisa kumatu, ban da hancin kansa. A kwanta rigingine, a tada kai da matashi 2 ko 3. Kada a fyace majina, in atishawa ta zo a buɗe baki. A guji asfirin domin yana hana jini daskarewa. Kan hancin kuwa yakan kai shekara guda kafin ya sace sarai, sai haƙuri.

Amma in jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko gani ya dushe, a koma asibiti nan take.

Sai mako mai zuwa.