Tsohon shayin ƙasar Sin: kafin ki saya, kafin ki sha



Kwanakin baya wata mai jego ta kawo jaririyarta rigakafin mako shida. Ina duban idonta na ce sai an auna jininta, sakamako kuwa ya fito ƙasa sosai. Muna cikin hira ta buɗe jaka ta ciro wani baƙin abu mai faɗi kamar ƙaramin faifai, naɗe cikin farar takarda mai rubutun Sinanci. Ta ce maigidanta ne ya kawo mata tsaraba daga Guangzhou, an ce masa yana narkar da teɓa, shi ya sa tun bayan suna take kora kowane abinci da shi, har ƙwayar ƙarin jininta da shi take haɗiyewa. Na gane abin nan take, domin ni ma na taɓa samun irinsa, na kuma lalatar da shi da hannuna. Zan zo kan wannan.

A jikin takardarsa za ki ga an rubuta Pu'er ko Pu-erh. Sunan wani gari ne a lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin Sin, inda a da can ake tara shayin a ɗora wa dawaki da alfadarai su bi duwatsu da shi har Tibet. Saboda wannan doguwar tafiya aka saba matse ganyen ya zama curi. Har yau yawancin faifan gram 357 ne, ana ɗaure guda bakwai cikin ɓawon gora, nauyinsu ya tashi kusan kilo biyu da rabi. Tun 2008 kuma ƙa'idar gwamnatin Sin ta ce ganyen da aka noma aka sarrafa a Yunnan ne kaɗai zai amsa wannan suna.

Abin da ya raba shi da shayin da muka saba shi ne tsimawa. Ki tuna daddawa: ana dafa kalwa a rufe ta, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi aikinsu, ƙamshi da ɗanɗano su canza. Haka wannan ganye yake, sai dai nasa aikin ba ya tsayawa ko bayan ya shigo gidanki. Iri biyu ne. Akwai sheng, wato ɗanye, wanda ake matsewa a ajiye ya tsufa da kansa shekara da shekaru. Sabonsa ruwan ɗorawa yake bayarwa, ga ɗaci ga bauri, yana kuma iya ƙwaƙular cikin da babu komai. Akwai shou, wato nunanne, wanda aka fito da dabararsa a masana'antar shayi ta Kunming a 1973: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, ana juyawa, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu ya yi duhu ya yi laushi a baki. Idan yau za ki fara, ni nunannen zan ce ki nema. Ya fi sauƙin sha, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba sai kin jira shi ba.

Wajen saye ne aka fi cin mutane. A 2007 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a Sin saboda masu saye su ɓoye, sannan ya faɗi warwas, mutane da yawa suka tafka asara. Tun lokacin kowa ya san ana buga takardar jabu, ana kuma ƙara wa shayi shekarun da bai yi ba. Don haka idan mai sayarwa a WhatsApp ta ce miki nata ya shekara talatin, amma kuɗinsa bai wuce na kwalin shayin kanti ba, ki yi murmushi ki wuce. Idan maigida ko ɗan'uwa ne zai sayo a can, ki ce ya nemi a dafa masa ya ɗanɗana, haka ake yi a shagunan shayinsu, har da babbar kasuwar Fangcun ta Guangzhou. Ya fara da faifai ɗaya, ko ƙananan curi, kada ya ɗauko ɗauri guda. Ke kuma in ya iso, ki sa hanci tukuna. Mai kyau ƙamshin itace yake yi, ko na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Sabon nunanne kan ɗan yi ƙarni, wanda ke tafiya in ya sha iska na 'yan makonni. Amma in kin ji warin ɗakin da ruwa ya jiƙa aka rufe, ko kin ga funfuna kore, baƙa ko fara mai gashi-gashi, ki zubar. Kada ki kankare ki ce sauran lafiya lau. Yadda ba za ki ba 'ya'yanki gyaɗar da ta yi funfuna ba, haka wannan, tafasasshen ruwa ba ya kashe gubar da wasu funfuna ke bari.

To ga nawa labarin. Da aka kawo mini faifaina na farko, sai na ga abu mai daraja ne, na sa shi cikin durowar da nake ajiye humra da turaren wuta. Bayan wata biyu na dafa wa baƙi. Wallahi kamar mun sha ruwan kasko. Ganyen shayi yana zuƙe duk ƙamshin da ke kusa da shi, kuma ba ya sakewa. Kicin ma bai dace ba, ga hayaƙi ga yaji ga daddawa, firji kuwa ga danshi ga warin kifi. Ki bar shi cikin takardarsa, ki sa a kwali mai tsabta ko sabuwar tukunyar ƙasa da ba a taɓa zuba komai ba, a ɗaki mai inuwa, sama da ƙasa, nesa da bango. Da damina ki riƙa buɗewa kina dubawa, musamman a watan Agusta. Da hunturu matsalar ta juya: iska ta bushe ƙayau, ganyen ya bushe ya rasa ƙamshi, sai ki sa shi da takardarsa cikin leda mai zif har sanyi ya wuce. Gaskiya yanayinmu na Arewa bai dace da tsufar da shayi na shekaru ba. Ki sayi abin da za ki shanye cikin shekara.

Dafawarsa ba wuya. Ki sa bakin wuƙa ta gefe ki ɓanɓaro kamar gram biyar, misalin cokalin cin abinci ɗaya, ki yi hankali da yatsunki. Ki zuba tafasasshen ruwa, ki tsiyaye nan take ki zubar, wannan wanki ne. Sai ki sake zuba ruwa kamar ƙaramin kofi, ki ƙirga ashirin, ki tace. Ganye ɗaya zai ba ki sau shida ko fiye, kina ɗan ƙara lokaci. Kada ki bar shi kan wuta yana ta tafasa irin na mai shayi, zai zama baƙi ƙirin. Ruwan nunanne mai kyau ja ne mai duhu, garau, ba gurɓatacce ba. Ki gwada shi babu sukari babu madara ko sau ɗaya.

Yanzu bari in sa farar rigata. Shayi ne, yana da sinadarin kafeyin kamar kowane shayi. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce mai ciki kada ta wuce miligiram 200 a rana, kuma a lissafinsu babban kofin shayi ɗaya yana kai 75. Ki haɗa da goro, kofi da lemon kwalba mai kola in kina sha. Mai shayarwa ta sani kafeyin yana ratsawa cikin nono, in jariri ya riƙa rigima ba ya barci, ki rage ki gani. Yara ƙanana kuwa ba nasu ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jini. Baurin da kike ji a shayi yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, musamman na wake, zogale da alayyafo, ya hana hanji ɗauka. Haka yake yi wa ƙwayar ƙarin jini da muke bayarwa a wajen awo. Ga macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki sha ƙwayarki da ruwa ko da lemon zaƙi, ki bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, biyu tsakaninsa da ƙwayar. Batun narkar da teɓa kuma, binciken da aka yi kan mutane kaɗan ne, abin da ya nuna ma bai taka kara ya karya ba. In kuwa an haɗa miki shi cikin fakitin "shayin rage ƙiba" kika ga yana sa ki zawo, wataƙila filasko aka zuba, ruwan jikinki kike zubarwa. Mai hawan jini, mai gyambon ciki, da mai shan magani kullum, su tambayi likitansu tukuna.

Mai jegon nan ban ce shayin kaɗai ya jawo mata ba, ta yi zubar jini a haihuwa, abincinta ma da gyara. Mun dai tsara ta mayar da shi kofi ɗaya da hantsi, ta koma haɗiyar ƙwayarta da ruwa, ta dawo a sake awo idan ta kawo yarinya allurar mako goma. Faifan nata mai kyau ne, na shinshina. Na ce ta fitar da shi daga jakar, don akwai kwalbar turare a ciki.