Zoben Adiko da Ƙyallen Kakuri

Duk wanda ya halarci liyafar biki a ɗakunan taro na Barnawa ko Narayi ya ga wani ɗan zobe a gefen faranti, an zura adiko a cikinsa. Mafi yawan waɗannan zobba na roba ne da aka yi wa fentin ruwan zinare, an shigo da su daga waje. Abin ƙarami ne, amma a garin da ya taɓa rayuwa da saƙa da rini, ya cancanci a tsaya a kansa.

Asalin zoben ba ado ba ne. Ya yaɗu a gidajen masu hali na Faransa da Ingila a ƙarni na 19, lokacin da ba a wanke adikon tebur kullum. Kowa a gida yana da zobensa mai lamba ko harafin sunansa, don kada ya goge baki da adikon wani kafin ranar wanki. Bahaushe bai buƙaci wannan dabara ba: yana wanke hannu da ruwa kafin ci da bayan ci, kuma adon abincinsa yana kan faifan da aka rufe akushi da shi. Saboda haka masu cewa zoben adiko kwaikwayon Bature ne ba su yi ƙarya ba. Sai dai gardamar ta makara. Masu ƙawata wurin biki sun riga sun mayar da shi cikin kayan da ake biya, kuma iyayen amarya suna biya. Tambayar da ta rage ita ce aljihun wa kuɗin zai shiga.

Kudancin Kogin Kaduna ya san wannan tambaya da daɗewa. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, kuma unguwanni irin su Makera da Nasarawa sun cika da ma'aikatansu. Ta farko ta tsaya a 2002, ta biyu ta rufe ƙofa a 2007, kodayake an sake buɗe ta daga baya. Atamfar da ake ɗinkawa yau a shagunan teloli na Kakuri da Sabon Tasha galibinta daga Sin take. Amma ƙyallen da ke zubewa ƙarƙashin keken ɗinki na nan gida ne, kuma yawanci shara ake yi da shi.

Da wannan ƙyalle ake yin zoben. Ana yanka bututun roba na ruwa gunduwa-gunduwa, mai faɗin baki kamar santimita 4, a goge gefen don kada ya yagi yadi, a naɗe shi da siririn ƙyalle, a liƙe ƙarshen da gam ta ciki. Wasu kan yi da kwalin da ke tsakiyar tishu, amma wannan arha ce mai tsada: ɗigon miya ɗaya ya isa ya lalata shi, alhali mai ƙawata wuri haya take bayarwa, tana son abin da zai yi biki goma. Mai hannu a saƙar faifai kuma tana iya murɗa rinanniyar kaba ta ɗinke ta ƙawanya, kuma a idon da ya san aikin, wannan ya fi kowanne kyau.

Inda na gida ya fi ƙarfin ɗan kasuwa mai shigo da kaya shi ne anko. Kowane biki da atamfarsa, kuma ba a sanin ta sai 'yan makonni kafin ranar. Babu kwantenar da za ta taso daga Guangzhou da zobe mai zanen da dangin amarya suka zaɓa a watan jiya. Telan da ya ɗinka wa mata talatin anko, shi ke da ragowar yadin. Matar da ke maƙwabtaka da shagonsa za ta iya mayar da shi zobba ɗari biyu cikin 'yan kwanaki.

Matsalar tana wajen ciniki. Mai ƙawata wuri takan biya kuɗin na roba ba tare da ko uffan ba, amma idan aikin hannu ne sai ta ce ai tsumma ne, ta taya kamar ana roƙonta. Ta manta cewa yanka, naɗi da liƙi na zobba ɗari biyu wuni ne da wuni na zama, ga kuɗin bututu da gam. Idan har za a rubuta wa uban ango kuɗin adon tebur a takardar lissafi, ya kamata a ware na zoben, a kuma faɗa masa cewa a Makera aka yi shi, daga ragowar ankon 'yarsa ko surukarsa.