Kada 'Yan Katolika Su Bar Mako Mai Tsarki Ya Wuce A Tasha Da Kasuwa

Kowace shekara, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Cocin Katolika yakan yi bikin Ista, watau tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. A ran nan majami'u kan cika maƙil, har wasu su tsaya a bakin taga. Amma wanda ya leƙa majami'un nan ran Alhamis ko Jumma'a kafin Lahadin, sau da yawa bencina ne za su fi mutane yawa. Wasu suna tasha neman motar gida, wasu suna wajen tela, wasu kuwa suna cinikin akuya. Wannan abin dubawa ne, musamman ga 'yan Katolika masu jin Hausa da ke zaune a Ikko, Badun da Inugu, waɗanda hutun Ista kan ja hankalinsu zuwa Kafanchan, Jos ko Yola.

Ba wanda ya hana ziyarar dangi ko ɗinkin sabuwar riga. Sai dai wanda ya yi azumin kwana 40 tun daga Larabar Toka, sa'an nan ya yi sakaci da kwanaki ukun ƙarshe, ya zama kamar manomin da ya yi noma ya bar hatsi a gona.

Kowace rana a makon nan da abin da ta ƙunsa. Ran Lahadin Ganyen Dabino ake karanta labarin shan wuyar Almasihu. Ran Alhamis da yamma ake Misar Jibin Ubangiji, Fada ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutane, daga baya kuma a zauna a yi tsaro cikin addu'a, don tunawa da daren Gatsemani inda barci ya kwashe almajirai. Ran Jumma'a ba a yin Misa ko kaɗan. Wajen ƙarfe 3 na rana ake taruwa a girmama gicciye, da yawa kuma sukan bi Hanyar Gicciye mai matsayi 14. Dokar Coci ta ce mai shekara 14 zuwa sama ya bar cin nama a ranar, mai shekara 18 zuwa 59 kuma ya yi azumi, in yana da lafiya. Daren Asabar ake hura sabuwar wuta, a kunna kyandir na Ista, a yi wa sababbin shiga baftisma.

Hujjar rashin lokaci ba ta da ƙarfi. A zamanin da, da safe ake waɗannan ibadu, lokacin da ma'aikata ke bakin aiki. Paparoma Pius na 12 ne ya mai da tsaron Ista zuwa dare a 1951, a 1955 kuma ya gyara makon duka domin jama'a su samu halarta. Bayan Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka buɗe ƙofar yin Misa da harshen jama'a, har ga shi ana yi da Hausa, Yarabanci da Ibo. Bugu da ƙari, a Nijeriya Jumma'ar nan da Litinin ta bayan Ista ranakun hutu ne. To, me ya rage?

Akwai masu cewa tsoro ne ke hana su fita, kuma ba za a raina maganarsu ba. Bom ya tashi a Kaduna ran Ista ta 2012, aka kuma kai hari cocin Katolika na Owo a Jihar Ondo ran 5 ga Yuni 2022, rayuka da yawa suka salwanta. Wajibi ne shugabannin majami'u su shirya tsaro tun da wuri, hukuma kuma ta sauke nauyin da ke kanta. Amma majami'ar da aka bari fayau ba ta ƙara wa kowa lafiya.

Saboda haka ya kamata mai niyyar tafiya ya tashi kafin Alhamis, ko ya haƙura sai Litinin. A je wurin Fada a furta zunubi tun farkon mako, kada a bari sai layi ya yi tsawo. Iyaye su riƙo hannun 'ya'yansu, su yi musu bayanin abin da ake yi. Katakis da matan zumunta su tuna da marasa lafiya da tsofaffin da ba su iya fitowa. Kuɗin abincin da azumi ya rage kuwa, a kai wa maƙwabci mabukaci, ko wane addini yake bi. Mai gaba da ɗan'uwansa ya nemi sulhu kafin ya durƙusa gaban gicciye.

Allah ya karɓi ibada, ya sa a ga Ista lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.